Kifin Gilashi Ragon Turke Ne

Duk wanda ya taɓa ɗaure rago a turke domin layya yana da wani ilimi da masu ajiye kifin ado a Abuja ke buƙata ƙwarai. Akuyar da ake saki da hantsi ba ta neman mai tsara mata abinci. Ta tsinki ganye nan, ta tsinci 'ya'yan gawo can, ta lashi ƙasa mai gishiri a bakin rafi, kafin la'asar ta haɗa wa jikinta abin da yake so. Ragon turke kuwa iyakar duniyarsa tsawon igiyarsa. Abin da aka zuba masa a daro shi ne rabonsa, abin da aka manta kuma ya rasa shi ke nan. Shi ya sa babu dattijuwar da za ta turke rago ta yi ta ɗura masa dusa kaɗai. Sai ta haɗa da harawa, ta ɗan barbaɗa tunkuza ko angurya, ta jiƙa kanwa a ruwan sha, ta ajiye masa gishirin lasa. Ba ta taɓa jin sunan bitamin ba, amma ta san cewa wanda ya hana dabba yawo ya ɗauki nauyin kawo mata daji har inda take.

Kifin da ke cikin akwatin gilashi a turke yake, sai dai turkensa na ruwa ne. Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan ɗauri kuwa shi ne kifi mafarauci, mai cin 'yan'uwansa da ƙwari da duk abin da ya motsa.

A Utako, daga kan titin Obafemi Awolowo zuwa lungunan da ke bayansa, otal-otal da ofisoshi da ƙananan asibitoci sun yi yawa, kuma akwatin kifi ya zama kayan ƙawata ɗakin jiran baƙi. Ƙananan kifaye masu launi suna nan, amma mai son a san ya ajiye kifi babba yake nema, mai faɗin baki, wanda in an jefa masa abu zai cafke har ruwa ya fantsalo. Akwai oska, ɗan asalin kogin Amazon a Kudancin Amurka, wanda kan kai santimita 30 ya kuma gane mai ba shi abinci. Akwai arowana mai farin jiki, wanda kan doshi santimita 90, a ƙasarsu kuma tsalle yake ya ɗauko ƙwaro daga reshen bishiya. Akwai kuma namu na gida. Gartsa da tufi da minjirya da yauni, waɗanda masunta a Yawuri da bakin Binuwai ke sakawa a tukunya, su ne ake ɗurawa a leda da iska a Legas a tura Turai da Amurka da Japan a matsayin kifin ado mai tsada. Wani kuma tarwaɗa kawai yake sakawa a gilashi, ita ma ta wadatar da ido.

Yadda ake ciyar da su kusan iri ɗaya ne ko'ina. Maigida ya sayi kifi, an kafa akwati, an kunna fitila da injin iska, sai a danƙa ragowar aikin ga masinja ko mai shara. Shi kuma ya gangara kasuwar Utako, ko ya ƙarasa kasuwar kifi ta Kado, ya tsaya gaban mai kifin ƙanƙara.

"Hajiya, a ba ni shawa na kifin oga."

"Yau ma shawa? Ɗana, ba ya gajiya da shi ne?"

"Ai shi kaɗai yake so. In an ba shi wani abu tofarwa yake."

Sai ta sare kan, ta zare kayan ciki, ta yanke ƙaya, ta miƙo masa tsoka zalla a leda. A ofis a saka a firiza, kullum a gutsuro a jefa. Wanda ya fi kuɗi kuwa jajayen kifin golfish yake saya da rai, a zuba wa oska ya bi su yana haɗiya, baƙi suna ɗauka da waya. Kifi yana ci, yana girma, cikinsa ya yi tumbi. Kowa ya gamsu. Bayan wasu watanni sai a ga ya daina cin abinci, launinsa ya dushe, yana firgita da ƙaramin motsi. Daga nan ya fara iyo a karkace, ya juya kamar ana murza shi, ya daki gilashi, jikinsa ya riƙa fizga, ya kwanta a ƙasa da gefe ɗaya yana numfashi sama-sama. Da safe a tarar da shi ya kife. Sai a ce ruwa ne, ko baki ne, ko dai kwanansa ne ya ƙare.

Mai kiwon turke ya san wannan ciwo da idonsa, a jikin rago. Yakan faru ga wanda ya yi gaggawa, Salla ta matso rago bai cika ba, sai ya janye harawa ya buɗe masa hatsi da garin masara. Kwanaki kaɗan rago ya ware kansa, ya daina gani ko da idonsa a buɗe yake, ya dafe kai jikin bango, ya riƙa zagaye wuri ɗaya. In abin ya yi tsanani sai ya sanƙare wuya, ya ɗaga kai baya yana kallon sama, ya faɗi yana shure-shure. Abin da ya faru a ciki shi ne, ƙwayoyin halittar da ke tumbin rago su ne ke ƙera masa bitamin B1. Da hatsi ya yi yawa tumbi ya yi tsami, sai waɗannan su ja baya, wasu ƙwayoyin su yawaita, masu fitar da wani sinadari da ake kira tayaminas, wanda aikinsa datse bitamin B1 gida biyu ya zama banza. In likitan dabbobi ya zo da wuri ya yi allurar B1, sau da yawa kafin kwana ɗaya rago ya miƙe. In an makara, ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wannan tayaminas ɗin shi ne ke kashe kifin gilashi, illa dai shi ba a cikinsa ake ƙera shi ba, a cikin abincinsa ake kawo masa. Golfish da duk danginsa suna ɗauke da shi da yawa. Haka yawancin dangin shawa da ƙananan kifayen teku masu maiƙo, haka jatanlande da wasu halittun ruwa masu ɓawo. Bitamin B1 shi ne ke taimaka wa jiki ya mayar da abinci ƙarfi, kuma ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da zuciya su suka fi jin rashinsa da wuri. Jiki ba ya tara shi da yawa, kullum sai an sabunta. Saboda haka kifin da ake ciyarwa da golfish ko shawa kaɗai asara biyu yake yi, abincin da kansa ya rasa bitamin ɗin, sannan in ya haɗu da wani abinci a ciki ya lalata nasa.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A 1932 a jihar Minnesota ta Amurka, wasu dabbobi dangin yanyawa da ake kiwo domin fatarsu suka fara shanyewa suna mutuwa, daga baya aka gano ɗanyen kifi dangin golfish da ake haɗa musu a abinci ne sanadi. A 1974 masu ƙyanƙyasar kifin salmon a Suwidin suka lura 'ya'yan kifi suna mutuwa kwanaki kaɗan bayan ƙyanƙyashewa, aka sa wa ciwon suna M74, kuma a farkon shekarun 1990 ya kashe fiye da rabin 'ya'yan a wasu kogunan da ke zuba a tekun Baltik. Iyayen ne suka dogara ga ƙaramin kifi mai maiƙo kusan iri ɗaya, ƙwansu ya fito ba isasshen B1. A 2020 abin ya sake bayyana a Kalifoniya, inda salmon ya koma cin kifin ancobi kusan zalla, 'ya'yansa suka riƙa juyi a ruwa suna mutuwa. Da aka zuba bitamin B1 a ruwan da suke ciki, cikin 'yan awoyi suka daidaita.

Mu ma nan gida muna da namu labarin, kuma a kan mutane. Tun 1958 likitoci a Ilesha suka ba da bayanin wani ciwo da ke zuwa da damina, mutum ya gama cin abinci sai jiki ya ɗauki rawa, tafiya ta gagara. An daɗe ana zaton wata ƙwayar cuta ce. A farkon shekarun 1990 Bola Adamolekun, likitan jijiyoyi a Ile-Ife, ya danganta shi da wata tsutsar bishiya da ake ci a yankin a daidai lokacin damina, kuma a 2000 bincike ya tabbatar tana ɗauke da tayaminas mai jure zafi. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu dogaro da abinci iri ɗaya mai yawan sitaci, waɗanda dama B1 ɗinsu a bakin ƙarewa yake.

Ƙanƙara ba ta kashe tayaminas. Rage masa sauri kawai take, yana nan yana cin bitamin a hankali duk tsawon zaman kifi a firiza. Kifin ƙanƙarar da ke kasuwa kuwa ya riga ya yi watanni tsakanin jirgin ruwa da ma'ajiyar sanyi da babbar mota kafin ya iso Abuja. In aka ƙara da ɗaukewar wuta, ya narke ya sake daskarewa, sai maiƙonsa ma ya fara ɓaci, ɓataccen mai kuma cinye bitamin E yake. Wannan ne dalilin da gidajen namun daji na duniya, masu ciyar da tsuntsayen teku da makamantansu da kifin ƙanƙara, suke ƙara miligiram 25 zuwa 30 na B1 a kowane kilo na kifi, tare da bitamin E. Zafi shi ne maganin tayaminas na kifi da jatanlande. Ɗan tafasawa kaɗan yana karya shi, ko da yake wani abu na bitamin ɗin ma yakan bi ruwa.

Matsala ta biyu ita ce wuƙar mai kifi. Abin da take zubarwa a bokiti shi ne harawar kifin gilashi. Mafarauci a kogi ba ya fere abin da ya kama. Ɗungurungum yake haɗiyewa, da kai da ƙaya da hanta da hanji. A ƙashi da ƙaya yake samun sinadaran gina ƙashi, a hanta yake samun bitamin A da D, a hanji kuma yake samun ciyayi da gansakuka da ƙananan halittun da abin farautar ya ci kafin a cinye shi. Ta wannan hanya mai cin nama ke cin ganye ba tare da ya taɓa ganye ba. Oska a Amazon yana cin ƙananan kifaye da ƙwari da ƙaguwa da dodon koɗi, har da 'ya'yan itacen da suka faɗo ruwa. Tsoka zalla daidai take da dusa zalla, tana cika ciki, tana ƙara nauyi, ba ta riƙe jiki.

A nan bitamin C ke shigowa, kuma masu kiwon tarwaɗa a kewayen Abuja sun fi masu akwatin gilashi saninsa. Rago yana ƙera nasa bitamin C a hanta. Yawancin kifaye, kamar ɗan Adam, ba sa iyawa, dole sai daga abinci. Bitamin C ne ke haɗa sinadarin da ke ɗinke ƙashi da guringuntsi da fata. In ya yi ƙaranci sai bayan kifi ya lanƙwashe, murfin wurin numfashinsa ya naɗe, muƙamuƙi ya karkace, rauni ya ƙi warkewa. A tarwaɗa har ƙoƙon kai kan tsage, a ga jan layi ya ratsa ƙashin, kuma masana sun daɗe da danganta wannan da ƙarancin bitamin C, musamman in ya haɗu da gurɓataccen ruwa da yawan ɗura abinci. Wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna oska ma haka yake: waɗanda aka hana bitamin C suka tsumbure, muƙamuƙinsu da bayansu suka lalace, jini ya taru a idanu da fukafukai. Bitamin C kuma ba ya son zafi da danshi da iska. Gwangwanin abincin kifi da aka buɗe aka bari kan akwati, kusa da fitila, ya sha zafin Maris ya sha danshin Agusta, ƙamshinsa na nan amma amfaninsa ya ragu.

Akwai kuma masu cewa tunda mai cin nama ne, a ba shi nama. Sai a riƙa jefa masa zuciyar sa da yankan kaza da kitsen da mahauci ya rage. Jikin kifi sanyinsa ɗaya da ruwan da yake ciki, kitsen shanu kuwa a irin wannan sanyi daskararre ne, narkar da shi wahala ne gare shi. A hankali kitse ya lulluɓe hanta, kifi ya yi ƙiba ta banza, garkuwar jiki ta yi rauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramukan da kan fito a kan oska da gefen jikinsa suna da sanadi fiye da ɗaya, akwai ƙwayar cuta, akwai dattin ruwa, amma rashin abinci mai kyau yana cikin masu buɗe musu ƙofa. Golfish mai rai kuma, ban da tayaminas, yakan shigo da cututtukan tankin da aka cunkusa shi.

Sai dai akwai inda rago da kifi suka raba hanya, kuma a nan ne mai hankalin kiwo zai iya ruɗuwa. Ragon layya wata biyu ko uku yake yi a turke, burin mai shi nauyi ne, ƙarshensa wuƙa. Ko hantarsa ta yi kitse ba za ta kai ga kashe shi ba, Salla za ta riga ta. Abincin tarwaɗar kasuwa ma a kan wannan lissafi aka haɗa shi, a kai kifi kilo ɗaya cikin wata biyar ko shida a kwashe. Oska kuwa yana iya wuce shekara 10 a raye, gartsa ma haka. Wanda ya ciyar da shi da lissafin Salla zai ga girma mai burgewa a shekarar farko, ya ga gawa a ta biyu. Kifin gilashi kamar ragon da za a bari ya tsufa a gida ne, ana neman lafiyarsa, ba nauyinsa ba. Babban mafarauci da ya gama girma cin sau biyu ko uku a mako ya ishe shi. Rawar da yake yi a gaban gilashi in ya ga mutum ba yunwa ba ce, sabo ne. Wani bambancin shi ne rago yana da baki, in daro ya bushe unguwa za ta ji. Kifi shiru yake, sai mai shi ya koyi karanta launinsa da iyonsa da yadda yake karɓar abinci.

Gyaran bai da tsada, kuma yawancin kayansa suna kusa. Tushen abinci ya zama ƙwayoyin abincin kamfani da aka yi domin kifi mafarauci, domin an riga an haɗa musu bitamin. A sayi ƙaramin mazubi wanda zai ƙare cikin 'yan watanni, a rufe shi sosai, a ajiye a wuri mai sanyi da bushewa. A kan wannan sai a riƙa sauyawa: yau tana, jibi gyare ko fara, wata rana ɗan guntun karfasa ko panla, waɗanda ba a san su da yawan tayaminas ba. Farkon damina, in shinge ya fito ya taru a fitila, gara ce ta faɗo. Fara dai ɗanya ake nufi, ba soyayya mai gishiri da yaji ba, kuma ba daga gonar da aka yi wa feshi ba. Ƙwaron da za a bayar, a fara ciyar da shi ganyen zogale ko karas kwana ɗaya, ya kai saƙon ganye cikin kifi. Ƙaramin kifi in za a bayar, a ba da shi da kansa da ƙayarsa. Shawa da jatanlande ba haramun ba ne, su zama na marmari, a ɗan tafasa su, kada su zama tuwon kullum. Wanda dole sai da kifin ƙanƙara zai ciyar, ya nemi ruwan bitamin na kifi ya ɗiga a kan yankan dab da jefawa. Wannan ita ce kanwarsa.

Maganar cewa shi kaɗai yake so kuwa, kowane mai kiwo ya san ta. Ragon da ya saba da dusa yakan ture harawa da hanci ranar farko, a ƙyale shi, gobe ya ci. Lafiyayyen babban kifi zai iya yin mako bai ci ba ba abin da ya same shi. A bar shi kwana uku ko huɗu, a miƙa masa sabon abinci, in ya ƙi a kwashe kada ya ɓata ruwa, a sake gwadawa. Yunwa ke koya masa. In kuma alamun ciwo sun riga sun bayyana, a fara da duba ruwa, domin dattin kashi da ragowar abinci ma suna sa kifi tangaɗi da ƙin ci. In ruwa lafiya lau ne, kuma an san wata da watanni abu ɗaya yake ci, to a nemi likitan dabbobi da wuri a yi maganar B1. Kifin da bai yi nisa ba yakan farfaɗo. Bayan da ya riga ya lanƙwashe saboda rashin bitamin C kuwa ba ya miƙewa.

Ɗawainiyar ba ta masinja ba ce, ta wanda ya sayi kifin ce. Malamai sun sha karanta mana, daga Buhari da Muslim, labarin matar da aka hukunta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Kifin gilashi ba ya mutuwa da cikin da ba komai, amma wanda aka kulle aka hana abin da jikinsa ke buƙata bai yi nisa da wannan babi ba. Saboda haka kafin a biya kuɗin arowana ko oska, maigida ya tambayi kansa ko akwai wanda zai tsaya ya sauya masa abinci, ya kula da firiza, ya lura da iyonsa, shekara bayan shekara. In babu, ƙananan kifaye masu cin abincin kamfani ma suna ƙawata ɗakin baƙi, kuma ba sa neman tana da gyare. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.